Dodon da ke jikin jakar makaranta

Wani malamin firamare daga wani ƙauye a ƙasar Gumel ne ya aiko da tambayar. Ya ce wata yarinya 'yar aji biyar ta zo da sabuwar jakar goyo da aka sayo mata a kasuwar Maigatari, a jikinta akwai hoton wata koriyar dabba mai wangamemen baki da haƙora zaƙo-zaƙo da 'yan guntayen hannuwa. Yara suka kaure da gardama, wasu suna cewa Dodo ne, wasu suna cewa ƙadangare ne da ya riƙa. Shi kuma ya gaya musu sunanta dainoso, ta taɓa rayuwa a duniya ta ƙare. Da yamma wani dattijo ya tare shi a majalisa ya ce ya daina cusa wa yara ƙaryar Bature, wa ya taɓa ganinta? Malamin yana son ya san ko da gaske an yi dabbar, in an yi ta me ya hana a taɓa tono ƙashinta duk rijiyoyin da ake haƙawa a ƙasarmu, kuma me Turawa suka gani a jikinta da har suke manna ta a jakar yara.

Malam, Allah ya saka da alheri da ba ka tsaya ja-in-ja da dattijo a gaban jama'a ba. Ni ilimin ƙasa da duwatsu na karanta, shi nake koyarwa, kuma a ƙauyen ƙasar Ringim na tashi, na san nauyin maganar babba a majalisa. An yi dabbar, ƙasusuwanta suna nan ana taɓa su da hannu. Sai dai dattijon bai kuskure gaba ɗaya ba, domin abin da ke jikin jakar nan abu biyu ne aka haɗa. Akwai ƙashi, akwai kuma rigar da mutane suka ɗinka suka sa wa ƙashin. An sake rigar sau da yawa cikin shekara 200, kuma kowace riga ta fi ba da labarin maɗinkanta a kan labarin dabbar.

Bari mu fara da ƙashin. Dabba ta mutu a bakin kogi, ambaliya ta zo ta binne ta cikin laka kafin masu cin mushe su tarwatsa ta. Laka ta hau kan laka, nauyi ya danne, ruwan ƙarƙashin ƙasa mai ɗauke da ma'adinai ya riƙa tsattsafowa cikin ƙofofin ƙashin yana cike su, har ya koma dutse mai siffar ƙashi. In ka ɗaga shi za ka ji ya fi ƙashin raƙumi nauyi nesa ba kusa ba. Shekarunsa kuwa ana gane su ne daga tokar aman wuta da ke sama da shi ko ƙasa da shi. A cikin tokar akwai ƙwayoyin da ke ɗauke da yuraniyom, shi kuma yuraniyom yana rikiɗewa ya koma dalma a hankali bisa ƙa'idar da aka auna aka sani, kamar randar da ka san yawan ruwan da take yoyo a yini. Ka duba abin da ya rage da abin da ya zuba, ka san tun yaushe aka cika ta. Da wannan awon aka gano cewa dainoso sun bayyana kimanin shekara miliyan 230 da suka wuce, manyansu kuma suka ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce.

Yaro ba zai kama wannan lissafi da ka ba, babba ma haka. Ga yadda nake yi wa ɗalibaina. Ka ce shekara ɗaya milimita ɗaya ce a jikin rula. Mai shekara 70 tsawon rayuwarsa bai wuce ɗan yatsa ba. Daga Hijira zuwa yau bai kai mita ɗaya da rabi ba. Ƙarewar manyan dainoso kilomita 66 ke nan, tafiyar kusan awa guda a mota, farkonsu kuma kilomita 230, kusan tazarar Kano da Kaduna. Mafi tsufan ƙasusuwan mutane irinmu da aka tono kimanin mita 300 ne kawai a wannan awo. Don haka amsar "wa ya taɓa ganinta" ita ce babu wanda ya gan ta da rai. Duk hoton da ka ga mutum riƙe da mashi yana gudun dainoso, zane ne kawai.

Maganar rijiya tambaya ce ta mai hankali, kuma amsarta tana ƙarƙashin ƙafarka. Kafin a sami ƙashin dainoso sai abu uku sun haɗu: dutsen ya zama wanda laka ko yashi suka haifa, ya zama na zamaninsu, sannan iska ko ruwa su yaye shi ya fito fili. Duwatsun da kake gani a Dutse da Birnin Kudu daga narkakken dutse suka daskare, ƙashi ba ya tsira a cikin irinsu, kuma mafi yawan shimfiɗar dutsen da ke ƙarƙashin ƙasar Kano ta girmi dainoso da ɗaruruwan miliyoyin shekaru. Ku kuma a Gumel da Haɗejiya, yashi da yumɓun da mai haƙar rijiya yake fitarwa na kwarin tafkin Chadi ne, 'yan miliyoyin shekaru kaɗan gare su, jigayin da ke sama ma sun fi su ƙuruciya. Gefe ɗaya ya yi tsufa, ɗaya gefen ya yi yarinta.

Amma ba sai an je Turai ba, kuma nan ne abin ya fi taɓa ni. Hanyar da ta bi ta Maigatari ta shiga Damagaram ta miƙe Agadas, wadda ayarin gishiri ya daɗe yana bi, tana kai mutum ɗaya daga cikin manyan maƙabartun dainoso na duniya. A shekarun 1960 Faransawa masu neman yuraniyom suka ci karo da ƙasusuwa shimfiɗe a kan rairayi a Gadufawa, cikin saharar Tenere. Wani masani Bafaranshe, Philippe Taquet, ya je ya haƙa, a 1976 ya bayyana wata dabba mai cin ganye mai dogayen ƙasusuwa a gadon baya, ya sa mata suna Ouranosaurus nigeriensis. Daga 1993 Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya riƙa zuwa da tawagarsa. Su suka fito da Suchomimus a 1998, mai dogon baki irin na kada, mai cin kifi, tsawonsa kimanin mita 11. A 1999 suka bayyana Nigersaurus, wanda ya rayu kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce, bakinsa mai faɗi kamar shebur, haƙoransa sun haura 500, yana kiwo kansa a ƙasa kamar saniya. A wurin nan da yau raƙumi ke shan wahalar ratsawa, a da koguna ne da kurmi, har da wani ɗan'uwan kada da ya haura mita 9.

Akwai kuma Jobaria, mai dogon wuya, wadda aka tono a yankin Ingal. Sunanta daga Jobar aka ɗauko shi, wata halitta ta labaran Abzinawa da suke dangantawa da manyan ƙasusuwan da suke gani a daji. Ka lura da wannan, Malam. Makiyaya sun riga masu digiri ganin ƙashin, kuma su ma sun ɗinka masa tasu rigar. Mutanen Sin ma haka suka yi, suka kira irin waɗannan ƙasusuwa na dodon almararsu, har suna daka su a magani. A nan gida, a ƙasar Sakkwato, an tono ƙashin wani ƙaton ƙadangaren teku da aka sa wa suna Goronyosaurus, daga sunan Goronyo. Shi ba dainoso ba ne, amma ya yi zamani da na ƙarshensu, lokacin da teku ta ratsa Sahara ta malale wannan yanki. Dutsen da ake yin siminti da shi a Kalambaina cike yake da ɓawon halittun teku. Kuma karanta tarihin ƙasa daga abin da ke cikin dutse ba Bature ne ya fara shi ba. Shekara dubu da suka wuce Albiruni ya rubuta cewa saharar Larabawa ta taɓa zama teku, hujjarsa kuwa ita ce ɓawon halittun ruwa da ake samu cikin duwatsu in ana haƙar rijiya. Ibn Sina ma ya yi bayanin yadda dabba da tsiro ke komawa dutse. Wannan za ka iya kai wa dattijon, don na tabbata sunayen nan biyu ba baƙi ba ne a kunnen mai ilimin zaure.

Yanzu ga rigar. A 1824 William Buckland a Ingila ya bayyana muƙamuƙi da wasu ƙasusuwa ya kira mai su Megalosaurus. A 1825 wani likita, Gideon Mantell, ya ga haƙoran da suka yi kama da na wani ƙadangaren Amurka, ya kira tasa dabbar Iguanodon. A 1842 Richard Owen ya tattara su ya raɗa musu sunan da ya bi su har yau, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin ƙadangare mai ban tsoro. Daga nan mu ma muka gaji kiransu kakannin ƙadangaru, kuma sunan kuskure ne. Dubi ƙadangare a jikin katanga, ƙafafunsa a gefe suke, cikinsa yana jan ƙasa. Dainoso ƙafafunsa a ƙarƙashin jikinsa suke a tsaye, kamar na doki ko na jimina.

A 1854 aka buɗe wani lambu a Landan da gumakan waɗannan dabbobi na siminti da bulo, an yi su kamar manyan karkanda masu saɓa. Kafin a gama, a daren ƙarshe na 1853, aka shirya wa manyan masana liyafa a cikin kwamin da aka zuba gunkin Iguanodon. Lokacin Ingila tana ganiyar mulkin duniya, kuma zaman cin abinci a cikin cikin dodo yana faɗin abin da suke ji game da kansu. A gunkin nan an dasa wa dabbar wani ƙashi mai tsini a kan hanci kamar ƙaho. Sai a 1878 masu haƙar kwal a Beljiyam suka faɗa kan cikakkun ƙwarangwal ɗinta, aka ga ashe ƙashin babban yatsan hannu ne. Ni ina son wannan labari ƙwarai, don ya nuna abu biyu tare: masana suna kuskure, kuma sabon ƙashi ne yake gyara su, ba gardama ba.

Daga nan abin ya koma gasar ƙasaita. A Amurka Othniel Marsh da Edward Cope suka shafe shekaru suna gaba, kowa yana rige-rigen sa wa sababbin ƙasusuwa suna. Attajirin ƙarfe Andrew Carnegie ya biya kuɗin tono wata mai dogon wuya, aka sa mata sunansa, a 1905 ya ba Landan kwafinta kyauta, sannan ya aika wa Balin da Faris da wasu manyan birane. A shekarar ce kuma aka raɗa wa Tyrannosaurus rex suna, wato azzalumin sarkin ƙadangaru, kuma bisa siffar da ka bayar shi ne a jikin jakar yarinyar. Jamusawa ba su yarda a bar su a baya ba. Daga 1909 zuwa 1913 suka haƙa a Tendaguru, a ƙasar da yau ake kira Tanzaniya, ɗaruruwan 'yan ƙasa suka yi haƙar suka ɗauki ƙasusuwan a ka, tafiyar kwanaki zuwa tashar jirgin ruwa ta Lindi. Ƙwarangwal ɗin da aka haɗa daga cikinsu yana tsaye a Balin har yau, tsayinsa kimanin mita 13. Waɗanda suka yi dakon, jikokinsu sai sun nemi biza kafin su gan shi.

Tsawon kusan rabin ƙarni bayan haka, rigar ta zama ta wawa. Aka riƙa zana dainoso a matsayin ƙaton malalaci mai ƙaramar ƙwaƙwalwa, yana jan wutsiya cikin fadama, wanda girmansa ya kashe shi. Har yau Bature in yana son ya ce wani shugaba ko wani inji zamaninsa ya wuce, sai ya kira shi dainoso. Wannan zagi ba ya bisa adalci. Dabbobin da suka riƙe doron ƙasa fiye da shekara miliyan 130 ba kasawa suka yi ba. Sawayensu da suka daskare a dutse ma sun nuna ba sa jan wutsiya, a ɗage take tana daidaita nauyin kai. Ka duba jakar, in wutsiyar tana ƙasa dabbar tana tsaye cak kamar mutum, to tsohuwar riga ce.

Abu biyu suka sake ɗinkin. A 1969 John Ostrom ya bayyana Deinonychus, marar nauyi, mai zafin nama, ƙasusuwansa kamar na tsuntsu. Sannan a 1980 Luis Alvarez da ɗansa Walter suka nuna cewa a ƙasashe daban-daban akwai wani siririn layin yumɓu, daidai kan iyakar ƙarewar dainoso, mai ɗauke da wani ƙarfe da ba shi da yawa a doron ƙasa amma ya yawaita a duwatsun sararin sama. Daga baya aka gano ramin a gaɓar Yukatan ta Meziko, faɗinsa kimanin kilomita 180, wanda dutse mai faɗin kimanin kilomita 10 ya haƙa. Ƙura da hayaƙi suka rufe rana, tsirrai suka mutu, masu cin tsirrai suka bi, masu cin su suka bi. Ka tuna yadda hazon hunturu ke dusashe rana, ka ninka shi har duhu, ka bar shi shekaru. Wannan bayani ya fito ne lokacin da Amurka da Tarayyar Sobiyet ke nuna wa juna makaman nukiliya, sai dainoso ya koma abin wa'azi, mai ƙarfin da aka shafe a rana ɗaya. Yau masu maganar sauyin yanayi su ma shi suke ɗagawa.

Rigar da yaranmu suke gani a waya da talabijin kuwa yawancinta daga fim ɗin Jurassic Park na 1993 ta fito. Rurin da ake ji a ciki haɗa shi aka yi daga muryoyin dabbobin yau, har da na ɗan giwa da na kada, don murya ba ta komawa dutse. Mafaraucin nan Velociraptor da aka nuna ya kai mutum tsayi, na gaskiyarsa da aka tono a Mongoliya bai fi talotalo girma sosai ba, kuma gashin tsuntsu ne a jikinsa. Koren launin jakar ma zaɓin mai zane ne. Kaɗan ne daga cikinsu aka iya gano launinsu, daga ƙwayoyin launi da suka saura cikin gashin da ya daskare. Nan dattijonka ya yi gaskiya, kuma ya kamata ka ba shi gaskiyarsa. Har ila yau kada ka yarda da masu cewa man fetur daga gawar dainoso ya fito, yawancinsa daga ƙananan halittun teku ne da ido ba ya gani.

Na ce manyansu suka ƙare, da gangan na faɗi haka. Tun 1861 aka tono Archaeopteryx a Jamus, mai fukafukai da gashi amma da haƙora da doguwar wutsiya ta ƙashi. Daga 1996 aka shiga tono dainoso masu gashin tsuntsu a lardin Liyawonin na ƙasar Sin, ɗaya bayan ɗaya. Wata da aka samu a kan ƙwai a shekarun 1920 aka sa mata suna ɓarauniyar ƙwai, sai bayan shekara 70 aka sami 'yan'uwanta sun daskare a kan sheƙa, hannuwa a baje, suna kwanci a kan nasu ƙwan kamar kaza. Masana fannin sun haɗu a kan cewa tsuntsaye reshe ne na dainoso da ya tsallake halakar. Zabuwar da ke kuka a bayan rumbu, shamuwar da ke zuwa da damina, jan-bakin da ke cinye gero, da tarin tsuntsayen da ke sauka a fadamun Baturiya da Haɗejiya, duk a lissafin ilimin nan dainoso ne. Da ni za a tambaya, da kakan tsuntsaye muka kira shi.

Me ya sa yara ke manne masa? Ina ganin dalili ɗaya ne da wanda ya sa muke matsawa jikin kaka in ta kai wurin Dodo a tatsuniya, muna tsoro muna kuma roƙon ta ci gaba. Abu ne babba, mai haɗiye mutum, amma ba zai iya zuwa inda kake ba. Bambancin shi ne Dodo ba ya barin ƙashi, in an ce ƙurunƙus ya tafi. Wannan kuwa ya bar ƙashi da ƙwai da sawu har da kashinsa da ya daskare, wanda ake yankawa a ga abin da ya ci. Yaron da ya gane wannan bambanci ya koyi raba labari da hujja, kuma zai yi masa amfani a abin da ya wuce dainoso. Masu sayar da jaka kuwa sun gano cewa dabba ce da ba ta da mai ita, ba ta ƙabilar kowa ba ce, ana iya sayar da ita a kowace kasuwa.

Ta fuskar addini, fatawa ta malamai ce. Abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne samuwar halittu kafin ɗan'adam ba baƙon zance ba ne a wurinmu, kuma a Suratul Ankabut, aya ta 20, an umarce mu mu yi tafiya a cikin ƙasa mu duba yadda aka fara halitta. Ni in na riƙe dutsen da ya taɓa zama ƙashin mai rai, girman Mahalicci nake ƙara gani.

Abin da ke damuna shi ne ƙashin ya zama haja. A 2020 an yi gwanjon wani ƙwarangwal na Tyrannosaurus a kan dala miliyan 31.8, a 2024 na wani dainoso mai suna Stegosaurus ya kai dala miliyan 44.6. Kuɗi irin wannan yana sa a yi satar haƙa, kuma ƙashin da aka fizge ba tare da an rubuta a wane layin dutse yake ba ya yi asarar rabin iliminsa. Wasu ƙasashe sun fara karɓo nasu. Mongoliya ta karɓo wani daga Amurka a 2013, Birazil ta karɓo wani daga Jamus a 2023. A gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai akwai ƙwarangwal ɗin dainoso a tsaye, duk wanda harka ta kai shi can ya shiga ya gani, gani ya kori ji. Amma yankinmu yana buƙatar 'ya'yansa da za su iya haƙa da aunawa da rubutawa da kansu, kuma daga aji biyar ake fara samun su.

Ga abin da za ka yi ba tare da kashe ko sisi ba. Ranar da aka yanka kaza a gidanka, ka ajiye ƙafa ɗaya, da ƙashin nan mai siffar gwafa da ke saman ƙirji, da ƙashin cinya guda. Ka fasa na cinyar su ga rami ne a ciki. Ka nuna musu saɓar da ke jikin ƙafar, da yatsu uku a gaba ɗaya a baya, ka ja jijiyar su ga yatsun sun damƙe. Ka gaya musu Tyrannosaurus ma yana da ƙashin gwafar nan, da yatsu uku da yake takawa a kansu. Sannan ka kai su bakin tafki da safe su nemo sawun balbela a cikin taɓo, su auna shi da rula, ka zana musu a ƙasa kusa da shi wani mai siffarsa da ya haura rabin mita. In kun dawo aji, ka sa yarinyar ta ɗora jakarta a kan tebur kusa da ƙafar kazar, ka tambaye su ɗaya bayan ɗaya: a hoton nan, wanne ne ƙashi ya faɗa, wanne ne mai zane ya ƙara?